Aƙilu Ingilishi da Rumbun Manzo

Aƙilu taubashina ne, ɗan ƙanen uwata. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ji ina kama sunansa gatsau ya ce tsohuwar ga ba ta da kunya. Tsakanin taubasai ba a kunya. Tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma ya ce mani Jima mai baki, kuma duk ƙauyenmu, can kudu da Bangi, ba wanda ke gaya masa irin abin da nake gaya masa ya zauna lafiya.

Manomi ne kamar kowa. Gajere, mai faɗin ƙafa, ba ya gaggawar magana, in ka tambaye shi abu sai ka yi zaton bai ji ba. Da ba don shekarar fara ba, da ko Madawa ba zai wuce ba har ya mutu. Shekarar nan fara ta sauka gero na cikin ƙosawa, ta tashi ta bar mana kara tsaye. Kafin wata damina matarsa ta rasu, ta bar masa yaro ɗaya, Manzo. Aƙilu ya kawo mani yaron da 'yar tabarmarsa ya ce, "Jima, riƙe mani." Ban ma tambaye shi ina za shi ba, don a lokacin duk mai ƙafa kudu ya nufa, ƙasar da Ingilishi ke mulki.

A Gusau ya tsaya. Ya samu aiki wurin wani Nasara mai sayen auduga, yana yi wa dokinsa ciyawa da wanka. Ya yi 'yan shekaru can, sannan ya dawo da butar ƙarfe, da wasu takalman fata da ban taɓa ganin ya sa ba, da Turanci a baki. Daga nan sunansa ya koma Aƙilu Ingilishi. Ni dai na ce masa, "Bawana, mutane na zuwa kudu su dawo da shanu, kai ka dawo mana da surutun da ba ya sayen ko kaza." Ya yi murmushi ya ce zan gani.

To, na gani, ba zan yi ƙarya ba. Samarin da ke shirin cin rani sunka fara zuwa wurinsa. Da an gama kai hatsi gida sai ka iske su ƙarƙashin gawon ƙofar gidansa, yana koya masu yadda ake gaida Nasara, da yadda Nasara ke kiran ruwa, da wuta, da doki, da gobe. Bai iya rubuta ko ɗaya ba. Da kunne ya ɗauko su, da baki yake bayarwa. Amma akwai kalmomi biyu da yake daɗewa a kansu har samarin su ƙosa, su ne "wait" da "stay". Shi "wet" da "site" yake cewa, leɓensa a tsuke kamar mai shan kunu da zafi.

Samarin su ce, "Haba Baba, ai duk ɗaya ne, duk tsayawa ce."

Ya ce, "Ba ɗaya ba ne. Ku saurara."

Sai ya ɗauko labarin da na ji har na haddace. In Nasaran nan ya sauka ƙofar wani Nasara, sai ya miƙa wa Aƙilu linzami ya ce wet. To Aƙilu ba ya kwance sirdi, ba ya ma zama, don kafin gumin doki ya bushe mutumin ya fito. Amma yana da kare, kuma in zai shiga jirgin ƙasa ya yi tafiya mai nisa sai ya nuna karen da yatsa ya ce site. Karen ya kwanta bakin ƙofa, ba wanda ya gaya masa ranar dawowa.

"Kun ji bambancin," in ji Aƙilu. "In an ce maka wet, akwai mai zuwa. Kada ka cire takalmi. In an ce site, babu maganar zuwan kowa a ciki. Nemi inuwa ka shimfiɗa tabarmarka."

Wata rana anka ɗaure akwatunan Nasaran duka, Aƙilu ya ɗauki ƙunshinsa ya bi bayansa zuwa tasha. Mutumin ya waiga ya ce masa site. Ya zauna da kare da doki har wani Nasara ya zo ya sayar da dokin, sannan ya gane, ya kamo hanyar gida. Nan samarin ke fashewa da dariya su ce an yi wa Baba maganar kare. Shi ma ya taya su dariyar, don a lokacin yana dariya.

Manzo ni na goya shi, ni na yi masa wanka, ni na zane shi ranar da ya saki akuyar liman cikin gonar wake. Ya tashi dogo, mai fara'a, bakinsa ba ya rufuwa, har ana cewa nawa ya ɗauko ba na ubansa ba. Da ya isa aure anka auro masa Cima daga Azarori, yarinya mai sanyi wadda in tana gaban surukinta ko numfashinta ba ka ji. Aƙilu ya yanka masa gayauna, wato 'yar gonarsa ta kansa ban da gandun gida. Manzo ya gina rumbun laka da hannunsa bayan ɗakin ubansa, ya ɗora shi kan duwatsu, ya yi masa hular ciyawa. Damina ta yi kyau shekarar, ya cika shi da damman gero har wuya.

A kakar nan ce yaƙin Nasara ya tashi. Mu ba mu san da wa suke faɗa ba. Abin da munka sani, gardi, wato ɗan sandan Faranshi masu mulkinmu, na zuwa daga Madawa ya zauna gidan maigari, a jera samari, a duba haƙoransu da ƙirazansu, a tafi da dogayen. Aƙilu ya dubi tsawon ɗansa ya ce ba da shi ba. Ya ce Manzo ya tsallaka Sabon Birni wurin dangin uwarsa har ɗibar soja ta wuce. Cima na da ciki a lokacin.

Abincin gida daga rumbun gandu ake ɗiba, don haka Manzo ya ce geron gayaunarsa na suna ne, shi zai buɗe ranar da anka yanka wa ɗansa rago. Ya kwaɓa laka ya like marfin rumbun, ya danna tafin hannunsa a kai tun lakar na ɗanya.

To mu a wajenmu, rumbun da mai shi ya like da hannunsa, shi kaɗai ke buɗe shi. In ka ga wani ya fasa likin, mai rumbun ya mutu ke nan, magada ne ke ɗiba. Fasa likin mai rai kuwa kira masa mutuwa ne. Malamai sun ce wannan ba ya cikin littafi. Mun ji, ba mu musa masu ba, amma ban taɓa ganin wanda ya gwada ba, har da su malaman.

Da safe munka raka shi bakin gari. Yana rataye da gora, yana ta tsokanar kowa. Ya dubi ubansa ya ce, "Baba, wanne ne nawa? Wet ko site?"

Aƙilu ya ce, "Wet. Kada ka kwance ƙunshinka. Suna gama ɗiba zan aiko maka."

Manzo ya yi dariya ya ce, "To ku ma wet."

Ya juya ya tafi, yana yi wa Cima nuni da hannu ta koma gida rana ta yi.

Ba a daɗe ba Nasaran Faranshi da na Ingilishi sunka ɓata tsakaninsu, anka rufe hanya. Masu raƙuma da bindiga sunka riƙa zagaya iyaka, wanda anka kama yana tsallakawa a ɗaure shi a kai Madawa. Maigari ya kira Aƙilu ya ce ya haɗiye Turancinsa, don yanzu kalma ɗaya ta Ingilishi na iya kai mutum gidan kaso. Samari sunka daina zuwa gindin gawo. Cima ta haifi ɗiya mace, anka sa mata Salamatu. Takalman fatan nan Aƙilu ya bayar anka ba shi ɗan rago, anka yi suna ba uban jinjira, ba kuma a taɓa rumbun ba.

Aƙilu ya riƙe rumbun nan kamar yadda ya riƙe dokin Nasara. Kowace bazara ya sake masa hula. Ya share ƙarƙashinsa, ya zuba toka saboda gara, ya toshe duk inda ɓera ya gwada. In ruwa ya tsaga jikinsa ya yaɓe, amma ba ya bari laka ta taɓa wurin tafin. Da yamma ya ɗauki Salamatu ya zauna da ita a inuwarsa, yana ce mata amaryata, tana ja masa gemu.

Da hanya ta buɗe, bayan shekaru, bai jira kowa ba, ya ɗauki sanda ya tafi Sabon Birni. Can anka ce masa Manzo ya zauna har ya gaji da cin tuwon mutane, ya tafi Sakkwato neman aiki, kuma wani ya gan shi cikin kakin sojan Ingilishi. Ka ji fa. Yaron da anka gudar daga soja. Aƙilu ya wuce Sakkwato da ƙafa, ya je ƙofar bariki, ya tara Turancinsa duka ya zuba wa wani Nasara da ya gani zai shiga. Nasaran ya saurare shi, ya ce masa wet, ya shige. Aƙilu ya tsaya. Bai zauna ba, bai cire takalmi ba, tun hantsi har la'asar sakaliya. Sai wani soja Bahaushe ya ji tausayinsa ya ce, "Baba, mutumin da kake jira ya fita ta waccan ƙofar tun azahar. Waɗanda anka ɗauka shekarar da kake faɗi an tsallakar da su teku. Ba wanda zai iya gaya maka komi a nan."

Ranar da ya dawo na kai masa ruwa na tsuguna. Na ce, "To, bawana?"

Ya ce, "Ya ce wet."

"Sai mi?"

"Bai fito ba."

Sauran labarin a bakin wani ɗan garinmu da ya raka shi Sakkwato na ji. Shi bai ƙara komi ba. Tun daga ranar kuma ban sake jin dariyarsa ba. Bai yi kuka ba, bai yi fushi ba, yana zuwa gona, yana zuwa masallaci, in an gaishe shi ya amsa. Na riƙa tsokanarsa da gangan, in ce masa tsohon kare mai gadin rumbu, ko zai zage ni in ji daɗi. Sai ya dube ni kawai ya ce, "To, Jima."

Sai yunwa ta zo. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero na fidda kai. Ɗan abin da munka samu gardi ya zo ya raba, wani na rumbun tsimin kumandan, Nasaran da ke mulki a Madawa, wani wai na masu yaƙi. Gardin ya ga rumbun Manzo, ya hau ya ga tafin hannu a kan liki. Ɗan Adar ne, ya san al'adar, sai ya sauko ya kauda kai. Kafin bazara rumbun gandun Aƙilu ya ƙare ƙarƙaf. Munka koma ga anza, 'ya'yan iccen daji masu ɗaci, a jiƙa ta a zubar da ruwa, a sake jiƙawa, ɗacin bai fita duka ba. Munka ci ganyen jiga, munka ci dusa, mata sunka riƙa tonon gidan tururuwa.

Wanda bai taɓa ganin yunwa ba yana zaton ihu ake yi. Ba a ihu. Gari ne ke yin tsit. Ba ƙarar turmi, ba faɗan mata bakin rijiya, yara ba su wasa. In anka ce wane ya rasu sai ka ce Allah ya jiƙansa, ka ci gaba da abin da kake yi, ba ka ji komi ba a ranka. Ni mai baki, ni ma bakina ya mutu. Ina iya wuni ban ce wa kowa ƙala ba.

Cikin wannan hali ga rumbu cike da gero tsaye tsakar gidan Aƙilu, kowa ya sani. Cima na wuce shi safe da yamma da ƙwaryar anza a kai, ba ta ɗaga ido ta dube shi ba. Salamatu kuwa gashinta ya yi ja, ƙafafunta sunka kumbura, ta daina gudu, ta daina jan gemun kakanta, daga baya ta daina kuka ma. Ta kwanta kawai tana kallon ƙuda.

Liman ya je ya same shi ya ce, "Aƙilu, haƙƙin matarsa ne da ɗiyarsa. Babu zunubi ko kaɗan." Aƙilu ya ce to. Maigari ya je ya ce masa garin ga ba zai ga laifinsa ba. Aƙilu ya ce to. Ba wanda ya yi wa musu, kuma bai tashi daga inda yake zaune ba. Kowa ya san abin da ke ransa. Shi ya tura yaron, shi ya ce masa wet, kuma yaron ya ce su ma su jira. In ya fasa likin nan, da hannunsa ya kashe shi.

Wata safiya Cima ta shigo ɗakina ta durƙusa. Ta ce, "Inna, jiya na ba ta anza ta kasa haɗiyewa." Ba ta yi hawaye ba. Ta faɗa kamar mai cewa igiyar guga ta tsinke. Ta ce, "Ni ba ni da bakin yi wa Baba magana. Ban ma san abin da nake so ya yi ba. In ya buɗe, ba ni da miji. In bai buɗe ba..." Sai ta gyara ɗankwalinta.

Wallahi a nan na ji wani abu ya motsa mani a ƙirji, karo na farko cikin watanni. Haushi ne, kuma na yi murna da zuwansa. Na tashi na aro tsani gidan maƙwabta, na ɗauki ƙaramin gatari, na shiga gidan Aƙilu ba sallama. Na jingina tsanin jikin rumbu, na ɗaure zanena tamau, na fara hawa. A wajenmu mace ba ta hawa rumbu, ko leƙa cikinsa ba ta yi. Kafin in kai sama mutane sun taru bakin darni suna kallo.

Aƙilu na zaune yana tufkar igiya. Ya ce, "Jima, sauko."

Na ce, "Ban saukowa, bawana."

"Wannan wane irin wasa ne?"

"Wasan taubasai. Tun yaushe anka hana taubashiya ɗaukar abin da ta ga dama gidan taubashinta? Na ɗauki kazarka, na ɗauki butarka ka biyo ni kana roƙo. Yau gero nake so."

Ya ce, "Ba nawa ba ne."

Na ce, "Na sani sarai ko na wane ne! Ni na goya shi. Kai kana Gusau kana wanke gindin doki, ni ke tauna masa abinci. Kada ka kuskura ka nuna mani ka fi ni sonsa. Kullum da asuba sai na duba hanyar kudu kafin in duba tukunyata, ka sani? Amma ɗiyarsa na mutuwa, Aƙilu. Mutuwa take yi a inuwar geron ubanta. In ya dawo gobe ya ce ina ɗiyata, sai ka nuna masa rumbu ka ce ga shi ba a taɓa ba?"

Na ture hular ciyawa gefe na ɗaga gatarin. Sai ga tafin nan. Yatsun duka sun fito, har da ɗan karkacewar ƙaramin yatsa da ya karye yana yaro. Na sa hannuna a ciki, ya fi nawa girma nesa. Duk haushin da na hau da shi ya zube. Na tsaya bisa tsani, gatari a hannu, na kasa sara, na kasa sauka.

Aƙilu bai dube ni ba. Salamatu yake kallo, tana kwance bisa cinyar uwarta. Ya kira ta a hankali, "Amaryata." Ba ta juyo ba. Ya sake kira. Idanunta a buɗe suke, amma ba ta juyo ba.

Ya aje igiyar ya miƙe. Ya ce, "Sauko, Jima. Ba hannun mace zai yi wannan ba."

Na sauko. Na yi zaton hawa zai yi, sai na ga ya sa hularsa ya fita. Munka bi shi da nisa har zauren liman. Ya yi sallama ya tsuguna ya ce, "Malam, ɗana Manzo ya rasu."

Liman ya ce, "Inna lillahi. Wa ya kawo labari?"

Aƙilu ya ce, "Ni."

Liman ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce shekarun da shari'a ta ɗiba wa matar wanda ya ɓata sun riga sun cika, da ma shi ake jira. Ya ɗaga hannu anka yi addu'a.

Aƙilu ya dawo gida ya tsaya nesa kaɗan da Cima, fuskarsa na kallon darni, don suruki ba ya kallon matar ɗansa cikin ido. Ya ce, "Ɗiyata, Allah ya yi wa mijinki rasuwa. Ki yi haƙuri." Cima ta ce, "To, Baba." Ba wanda ya yi kururuwa. Ba mu da ƙarfinta.

Sannan ya hau tsanin da wuƙa. Ya riƙa kankare laka a hankali yana zagaye tafin, yana so ya ɗaga shi ɗungum. Lakar ta tsufa, tana zuwa rabi ta dare a hannunsa. Ya tattara gutsattsarin ya zuba aljihun rigarsa, ya ɗaga marfi. Warin tsohon gero ya bugo mu har ƙasa. Ya ɗan yi ja, amma ko ƙwaro bai taɓa shi ba. Ya fara miƙo damma, ni ina karɓa.

Ranar anka ji ƙarar turmi a garinmu. Munka sussuka, munka surfa, munka daka gumbar sadaka. Gari duka ya zo gaisuwar mutuwa, kuma kowa ya san ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba, ba kuma wanda ya ji kunya. Sunka zauna sunka ce Allah ya jiƙan Manzo, sunka karɓi gumba da hannu biyu. Na dama kunu mai ruwa na ɗaga kan Salamatu na riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan. Zuwa la'asar ta zauna da kanta. Ta ga mutane cike da gida, ta ga gumba a hannun kowa, ta dubi uwarta ta ce, "Inna, yau salla ce?"

Cima ta ce, "Ci."

Geron nan shi ya kai mu kaka, mu da gidaje da dama. Aƙilu bai taɓa sa shi a baki ba. Anzarsa ya ci gaba da ci har sabon hatsi ya zo, na yi faɗa har na gaji. Salamatu ta tashi. Cima ta gama takaba ta koma Azarori, daga baya ta yi aure a Galma, ta bar mana yarinyar, ni na ƙarasa rainonta kamar yadda na raini ubanta.

Da yaƙi ya ƙare sojoji sunka fara dawowa. Duk sanda anka ce mota ta sauke wasu a Madawa sai mutane su ce wa Aƙilu ya je ya duba. Bai je ba ko sau ɗaya. Ni na je, na tsaya cikin rana ina duban dogaye, na dawo. Har yau ba mu ji ya mutu ba, ba mu ji yana raye ba. Rumbun kuma Aƙilu bai sake yi masa hula ba, ruwan damina ya cinye shi har ya koma tudun ƙasa da kaji ke tono.

Ya koma zama gindin gawo, bisa tabarma, takalmansa na gefe. Wata rana na wuce da tulu na ce, "Bawana, mi kake jira nan?" Ya ce, "Ba jira nake ba."

Da hanya ta zauna lafiya samari sunka dawo neman Turanci. Yana koya masu ruwa da wuta da gobe, in sun matsa ya gaya masu bambancin wet da site a taƙaice, ba labarin kare, ba dariya. A cikinsu akwai Bilal, jikan maƙeri, sabon ango, yana shirin tafiya Gusau cin raninsa na farko. Ina zaune gefe ina ɓarar gyaɗa lokacin da ya ce, cikin wasa, "Baba, in zan yi sallama da iyalina, wanne zan ce mata? Wet ko site?"

Samarin sunka yi dariya. Na zaci Aƙilu bai ji ba. Hannunsa na cikin aljihun rigarsa.

Ya ce, "Kada ka ce mata ko ɗaya. Ka bar mata rumbu a buɗe."

Sai ya ce su maimaita yadda Nasara ke kiran ruwa, sunka maimaita.